Ci gaban da aka samu a tiyatar gwiwa: wanne ya tabbata, wanne ne talla?

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana da shekara 66, ta daɗe tana fama da ciwon gwiwoyi, yanzu ko tsakar gida ba ta zagayawa sai da sanda. An ɗauki hoto a Kano, aka ce guringuntsin ya cinye, sai an yi mata canjin gwiwa. Wasu 'yan'uwa sun ce mu kai ta Indiya inda mutum-mutumi ke yin aikin, wasu kuma sun ce akwai allurar da ke tsiro da sabon guringuntsi ba tare da an yanka ba. Ita kuwa damuwarta ita ce ko za ta iya sujada bayan aikin. Sannan ƙanena mai shekara 21 ya tsinke jijiyar gwiwa a wajen ƙwallo. Wane ci gaba aka samu a wannan fanni, kuma wanne za mu yarda da shi?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da ita. Hukuncin ƙarshe yana hannun likitan da ya duba ta ya kuma ga hotunanta, amma zan shimfiɗa maka yadda fannin yake a yau, domin idan kun zauna da shi ku san abin da za ku tambaya.

Da farko ya kamata Hajiya ta san abin da ake yi, domin yawancin tsoron da iyayenmu ke ji yana zuwa ne daga zaton cewa za a datse gwiwar gaba ɗaya a sa ƙarfe a gurbinta. Abin da ake yi shi ne a share saman ƙashin da ya lalace, kimanin milimita 8 zuwa 10 daga ƙarshen ƙashin cinya da kuma saman ƙashin ƙwauri, a rufe na cinyar da hular ƙarfe, a ɗora faranti a kan na ƙwaurin, sannan a sa wata roba mai tauri a tsakani wadda za ta yi aikin guringuntsin da ya ƙare. Tsokoki da jijiyoyin da ke gefen gwiwar duk nata ne, kuma su ne za su ci gaba da motsa ta. Wannan fasali ya samo asali ne daga ƙirar da John Insall da abokan aikinsa suka fito da ita a wani asibitin ƙashi na birnin New York a 1974, kuma duk gyare-gyaren da suka biyo baya a kansa aka gina su.

Abin da ya fi sauyawa a kayan shi ne robar. A da ita ce ke fara cinyewa, burbushinta ya tayar da kumburi a ƙashi har ƙarfen ya saki. Yanzu ana haska ta da wani irin haske da ke ƙara ɗaure ƙwayoyinta, wasu kamfanonin kuma suna cuɗa ta da bitamin E domin kada ta yi saurin tsufa. Shi ya sa maganar da ake yawan ji cewa gwiwar ƙarfe shekara goma take yi ta zama tsohon labari. A 2019 mujallar likitanci ta Lancet ta buga nazarin da ya tattara rajistar ƙasashen da ke bibiyar duk wanda aka yi wa aikin, aka ga kusan kashi 82 cikin 100 na cikakken canjin gwiwa suna nan daram bayan shekara 25, alhali waɗannan da tsofaffin kaya aka yi su. Ga mai shekara 66, abin da ake kyautata zato shi ne aiki ɗaya ya ishe ta. Akwai kuma ƙarfen da ba a liƙa shi da siminti, ana ƙera bayansa da ƙananan ramuka domin ƙashi ya tsiro ya shiga ya kama shi. Wannan ya fi dacewa da masu ƙarancin shekaru da ƙashi mai ƙarfi, amma ga dattijuwar da ƙashinta ya fara laushi, simintin ƙashi ne har yau abin da aka fi dogara da shi.

Sai dai akwai wani adadi da masu talla ba sa faɗa, kuma shi ne ya haifar da yawancin sababbin dabarun da kake ji. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka yi wa canjin gwiwa ba ya gamsuwa sosai: ko dai sauran ciwo, ko taurin gaɓa, ko jin cewa gwiwar ba tasa ba ce, ko da hoto ya nuna komai ya zauna daidai. Duk wata sabuwar na'ura da aka fito da ita, tambayar da ta dace a yi mata ita ce ko ta rage wannan kaso.

Kafin a kai ga wuƙa, sai a tabbatar lokacin ya yi. Ba hoto ake yi wa tiyata ba. Akwai wanda hotonsa ya yi muni amma yana zuwa kasuwa, akwai wanda nasa bai kai haka ba amma ciwo ya hana shi barci. Ma'aunin shi ne ciwon da ke tashin mutum da dare, da gajeruwar tafiya, da kasa hidimar kai, bayan an gwada motsa jiki na ƙarfafa tsokar cinya da rage ƙiba da magani na tsawon watanni. A Denmark an raba marasa lafiya 100 da suka cancanci aikin gida biyu, aka buga sakamakon a 2015: waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙi, amma sun fi haɗuwa da matsaloli masu tsanani, kuma a cikin waɗanda aka bari a kan motsa jiki da rage nauyi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka nemi aikin a shekarar farko. Nauyin jiki yana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. A 2024 an buga gwajin allurar rage ƙiba ta semaglutide a kan mutum 407 masu ƙiba da amosanin gwiwa, nauyinsu ya ragu da kusan kashi 14 cikin 100, ciwon ma ya sauka fiye da na waɗanda aka yi wa allurar banza. Tana da tsada, kuma ba ta mayar da guringuntsi, amma tana cikin ci gaban gaske. A gefe guda kuma ina roƙonka ka duba irin magungunan da Hajiya ke sha, domin haɗin da ake sayarwa a kemis da sunan maganin sanyin ƙashi sau da yawa akwai dexamethasone ko diclofenac a ciki, kuma daɗewa ana shan su yana taɓa ƙoda da ciki, yana tayar da sukari, yana kuma ƙara haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga wurin tiyata.

Wani babban ci gaba shi ne aikin da aka daina. A da, idan mai shekarun Hajiya ya zo da ciwon gwiwa, akan shiga da kyamara ta ƙananan huji biyu a wanke gaɓar a kankare abin da ya tsattsage. A 2002 wasu likitoci a birnin Houston na Amurka suka gwada abin a kan mutum 180, inda aka yi wa wasu aikin gaske, wasu kuma aka tsaga fatar kawai aka ɗinke ba tare da sun sani ba. Bayan shekara biyu babu bambanci tsakaninsu. A 2013 an maimaita irin wannan gwaji a Finland a kan mutum 146 masu yagewar faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa irin ta tsufa, sakamakon bai sauya ba. Saboda haka idan wani ya ce zai wanke wa Hajiya gwiwa da kyamara a madadin canji, kuɗinku ne kawai zai tafi.

Batun allurar da ke tsiro da guringuntsi kuwa, amsata a fili take: babu allurar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya ƙare a gwiwar dattijo. Iri biyu aka fi tallatawa. Ta farko ita ce PRP, inda ake ɗibar jinin mutum a juya shi a na'ura a ware ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin daskarar da jini, a mayar cikin gaɓa. A Ostareliya an kwatanta ta da allurar ruwan gishiri a kan mutum 288, aka buga a 2021, kuma bayan wata 12 ba a ga bambancin kirki ba, a ciwo ko a kaurin guringuntsi. Ta biyu ita ce wadda ake kira istem sel, wato ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗewa su zama wasu irin ƙwayoyi, ana ɗebo ta daga ɓargo ko kitsen ciki ko cibiyar jarirai. A 2023 wani gwaji a Amurka mai ɗauke da mutum sama da 400 ya kwatanta ire-irenta da allurar sitiroyid ta yau da kullum mai rage kumburi, kuma babu wadda ta fi ta bayan shekara guda, ga shi kuwa farashinsu ya ninka nata sau da yawa. Ita kanta allurar sitiroyid tana da amfaninta, domin takan kwantar da ciwo na 'yan makonni idan gwiwa ta kumbura, ko mutum yana da wata hidima a gabansa kamar aikin Hajji. Amma gwajin da aka buga a 2017 ya nuna maimaita ta duk wata uku na tsawon shekara biyu yana ƙara cin guringuntsi. Kuma kada a yi ta a cikin wata ukun da ke gaban tiyata.

A ganina, sauyin da ya fi amfanar marasa lafiya a shekarun nan bai shafi ƙarfe ko na'ura ba, ya shafi yadda ake kula da mutum kafin aikin da lokacinsa da bayansa. Yanzu galibi allurar baya ake yi maimakon a sa mutum barci gaba ɗaya, likitan tiyata yana zagaye gaɓar da maganin kashe zafi kafin ya rufe, mai ba da maganin barci kuma yana iya kashe jijiyar da ke ɗauko zafi daga gwiwa ba tare da ya kashe ƙarfin cinya ba. Akwai wani magani mai araha, tranexamic acid, wanda wasu ma'aurata masu bincike a Japan suka samar tun farkon shekarun 1960, wanda shigowarsa wannan aiki ta rage zubar jini har ƙarin jini ya zama abin da ba kasafai ake buƙata ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da neman jini ke wahalar da dangi. Sakamakon haka ana miƙar da mara lafiya ya taka ƙafar a ranar aikin ko washegari, ya koma gida cikin 'yan kwanaki, har ma a Amurka tun 2018 hukumar inshorar lafiyar tsofaffi ta yarda a yi aikin a sallami mutum ba tare da doguwar kwanciya ba. Tashi da wuri yana rage daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa da ciwon huhu. Duk waɗannan ba sa buƙatar na'ura mai tsada, tsari kawai suke buƙata, kuma kuna da haƙƙin ku tambayi duk asibitin da kuka je ko haka suke yi.

Akwai kuma canjin rabin gwiwa. Gwiwa tana da sassa uku, kuma sau da yawa na ciki ne ke fara cinyewa, abin da ke sa ƙafa ta zama ƙafar baka. Idan lalacewar ta tsaya a sashe ɗaya kuma jijiyoyin tsakiya suna lafiya, ana iya canza wannan sashen kaɗai. Yankan ya fi ƙanƙanta, warkewa ta fi sauri, lanƙwasawa ta fi kyau. Gwajin da aka yi a Birtaniya a kan mutum 528, wanda aka buga a 2019, ya nuna bayan shekara biyar sakamakonsa bai gaza na cikakken canji ba, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Illarsa ita ce an fi komawa a sake shi: nazarin Lancet da na ambata ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 ne ke kai shekara 25, kuma ya fi lalacewa a hannun likitan da ba ya yin sa a kai a kai. Yawancin mutanenmu suna zuwa ne bayan ciwon ya ci sassa biyu ko uku, don haka da wuya su cancanta, amma ba laifi a tambaya. Ga mai shekara arba'in da wani abu da ke aikin ƙarfi, akwai wata hanyar ta tsaga ƙashin ƙwauri a miƙar da shi domin nauyi ya koma ɓangaren da ke da lafiya.

Yanzu sai mutum-mutumi. Sunan yana ruɗar mutane, domin babu na'urar da ke yin aikin ita kaɗai. Likita ne ke tsaga fata, shi ke tsara inda za a yanka, shi ke riƙe da kayan aiki, shi ke ɗinki. A na'urar Mako, wadda kamfanin Stryker ya saya a 2013 ya kuma fito da tsarinta na cikakken canjin gwiwa a 2017, ana fara ɗaukar hoton CT, kwamfuta ta zana ƙashin mutum, a tsara girman ƙarfe da mazauninsa. A ɗakin tiyata kuma hannun na'urar yana riƙe da zarto, idan likita ya nufi wajen iyakar da aka shata sai ya tsaya. ROSA ta kamfanin Zimmer Biomet tana saita ma'aunin yanka ne likita ya yanka da kansa, CORI ta Smith+Nephew kuma abin riƙewa ne a hannu mai gurza ƙashi, ba ta buƙatar CT. Dukkansu suna buƙatar a kafa ƙusoshi a ƙashin cinya da na ƙwauri domin kyamara ta riƙa bin motsin ƙafar, kuma a wasu lokuta ƙalilan ƙashi kan tsage ko wurin ya yi ruwa.

Abin da aka tabbatar shi ne na'urorin suna sa yanka ya dace da abin da aka tsara fiye da kayan hannu, kuma suna auna tsaurin jijiyoyi da lambobi maimakon likita ya dogara da abin da hannunsa ya ji. Abin da gwaje-gwaje ba su nuna ba shi ne cewa wannan daidaito yana zama ƙarancin ciwo ko tsawon rai ga ƙarfen. Gwaji mafi tsawo da aka yi, a Koriya ta Kudu, ya bi mutum sama da dubu na kimanin shekara 13 aka buga a 2020, kuma bai ga bambanci a ciwo ko tafiya ko daɗewar ƙarfe ba. Gaskiya ne da tsohuwar na'ura aka yi shi, amma gajerun gwaje-gwajen da aka yi da sababbin ma bambancin da suke nunawa ƙarami ne, yawanci a makonnin farko. Na'urar kamar igiyar awo ce a hannun magini: tana sa bango ya miƙe, amma ba ita ke faɗa masa inda ya kamata bangon ya tsaya ba.

Kuma inda ya kamata ya tsaya ɗin shi ne muhawarar da ta fi zafi a tsakaninmu likitocin ƙashi. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce a miƙar da kowace ƙafa sak, daga ƙugu zuwa idon sawu, kada a kauce fiye da digiri uku, idan jijiyoyi sun ƙi sai a sassauta su da wuƙa. Sai wani bincike a Beljiyam a 2012 ya auna matasa 250 masu lafiya, ya ga kusan kashi ɗaya cikin uku na mazan, da kusan kashi 17 cikin 100 na matan, ƙafarsu a ɗan lanƙwashe take tun asali. Ke nan miƙar da irin waɗannan sak tilasta musu siffar da ba tasu ba ce. Daga nan ra'ayin Stephen Howell na jihar California ya samu karɓuwa, cewa a mayar wa mutum gwiwarsa yadda take kafin ciwo ya ci ta. Yau likitoci da yawa suna bin tsaka-tsaki, suna bin halittar mutum amma cikin iyaka, kuma a nan ne na'ura ke da amfani na gaske, domin kauce wa miƙaƙƙen layi da digiri biyu da gangan yana buƙatar awo mai kyau. Ina ganin nan gaba za ta samu gurbinta, musamman a canjin rabin gwiwa da ƙafar da ta taɓa karyewa ta ɗoru a karkace. Amma da za a ba ni zaɓi tsakanin likitan da ke yin wannan aiki duk mako da kayan hannu da wanda bai daɗe da fara koyon na'ura ba, na farkon zan kai mahaifiyata.

Game da sujada, gwamma a faɗa wa Hajiya gaskiya tun yanzu. Tafiya tana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kimanin digiri 65, tashi daga kujera kusan 95, amma zama a kan dugadugai irin na tahiya yana neman 150 ko fiye. Yawancin waɗanda aka yi wa cikakken canji suna tsayawa tsakanin 110 da 125, kuma abin da ya fi nuna inda mutum zai kai shi ne yadda gwiwar ke lanƙwashewa kafin aikin. An ƙera ƙarafan da aka ce na lanƙwasawa mai zurfi ne, amma da aka gwada su ƙarin da suka bayar bai taka kara ya karya ba. Durƙusawa a kan abu mai laushi bayan rauni ya warke ba a hana ta, kuma wasu suna iya sujada ta hanyar dafa ƙasa da hannu, sai dai da yawa suna jin nauyi ko wani irin mutuwar fata a gefen tabon, su gwammace kujera. Hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Sahihul Bukhari ya ba mara lafiya damar yin salla a zaune idan ya kasa tsayuwa, kuma mai yiwuwa abin da Hajiya ke yi ke nan a yanzu. Abin da aikin zai fi dawo mata da shi shi ne tsayuwa da ruku'u da tafiya masallaci ba ciwo. Ku kuma shirya gida: bayan gida na zama maimakon na tsuguno, gado da kujera masu ɗan tsayi, da kawar da duk abin da zai sa santsi a wurin alwala.

Tafiya waje ba laifi ba ce, kuma a Indiya da Masar akwai ƙwararru. Amma ana yin wannan aiki a gida, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu, da wasu asibitocin koyarwa da masu zaman kansu. Abin da ake mantawa wajen lissafi shi ne makonnin da ke biyo baya. Haɗarin daskarewar jini ya fi yawa a makonnin farko, daidai lokacin da ake hawa jirgi na sa'o'i. Ƙwayoyin cuta suna kama kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Idan aka gano cikin makonni uku ko huɗu ana iya buɗewa a wanke a canza robar a bar ƙarfen, idan kuwa aka yi jinkiri sai an cire komai an sa siminti mai magani an jira watanni kafin a sake. Idan gwiwa ta ƙi lanƙwashewa, lanƙwasa ta da ƙarfi a ƙarƙashin maganin barci ya fi aiki a cikin wata ukun farko. Saboda haka kafin a sayi tikiti a san likitan da zai karɓe ta a nan da mai gashin ƙashin da zai bi ta, a kuma dawo da takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙarfen da lambarsa da girmansa. Sau da yawa ana yi wa matafiya tayin a yi gwiwoyi biyu a rana ɗaya domin rage kuɗin tafiya. Ga mai hawan jini ko ciwon zuciya ko sukari wannan yana ƙara haɗari, kuma bai kamata farashin tikiti ya yanke wannan hukunci ba. Ko a ina za a yi, a daidaita sukari, a gyara ƙarancin jini, a yi maganin ruɓaɓɓen haƙori da duk wani gyambo a ƙafa tukuna.

Ƙanenka kuwa lamarinsa daban ne. Ina ɗauka jijiyar da ake nufi ita ce ta tsakiyar gwiwa ta gaba, wadda likitoci ke kira ACL, mai hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa. Ba ta fita a hoton ƙashi na yau da kullum, sai gwajin hannu da hoton MRI, kuma ɗori ba ya haɗa ta. Ɗaure ƙafar na makonni sai dai ya bar shi da taurin gaɓa da ramammiyar cinya. Ba kowa ke buƙatar tiyata nan take ba: a gwajin da aka yi a Suwidin a kan matasa 121, kusan rabin waɗanda suka fara da motsa jiki ba su nemi aikin ba har bayan shekara biyar. Amma mai shekara 21 da ke son komawa ƙwallo, ko wanda gwiwarsa ke kuɓuce masa, ya fi dacewa a yi masa, domin kowace kuɓucewa tana iya yaga faifan guringuntsin nan mai siffar jinjirin wata da ke tsakanin ƙasusuwan. A da cire wannan faifai ake yi idan ya yage, yanzu kuwa ɗinke shi ake ƙoƙarin yi, saboda an ga cire shi yana kawo amosanin gaɓa da wuri. Idan gwiwarsa ta maƙale ta ƙi miƙewa, wannan alama ce ta faifan ya naɗe, kuma ba ta son jinkiri.

Ana sake gina jijiyar ne ta kyamara, da wata jijiya da ake ɗauka daga jikinsa, ta bayan cinya ko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko ta samansa wadda ake ƙara amfani da ita yanzu. Sabon abin da ya tabbata shi ne ƙara wani ɗauri a gefen waje na gwiwa domin hana murɗewa: gwajin da likitocin Kanada suka jagoranta a kan matasa 618 'yan shekara 14 zuwa 25, wanda aka buga a 2020, ya nuna sake tsinkewa ta sauka daga kashi 11 zuwa kashi 4 cikin 100. Wannan ya shafi ƙanenka kai tsaye, don haka ya tambayi likitansa a kai. Akwai kuma dabarar Martha Murray ta birnin Boston, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a ƙarshen 2020, inda ake sa wani soso da aka yi daga jikin saniya a jiƙa shi da jinin mutum tsakanin bakunan jijiyar domin ta haɗe da kanta. An fi so a yi ta a makonnin farko bayan rauni, kuma ba ta yaɗu sosai a wajen Amurka ba. Idan an ga wani ɗan gurbi a guringuntsinsa, nan ne dashen ƙwayoyin guringuntsi da aka raina a ɗakin gwaji yake aiki, wanda likitocin Suwidin suka fara bayyanawa a 1994, kuma shi ne masu tallan allura ke fakewa da sunansa alhali ba a yin sa ga gwiwar da ta cinye gaba ɗaya.

Abin da zai fi wahalar da shi shi ne haƙuri bayan aikin, domin ciwo yakan tafi tun kafin sabuwar jijiyar ta yi ƙarfi. Wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Norway da Amurka da aka buga a 2016 ya nuna cewa duk wata ɗaya da ɗan wasa ya jinkirta komawa fili, har zuwa wata na tara, haɗarin sake rauni yana raguwa da kusan rabi. Kada ya buga ƙwallo kafin wata tara, kuma ko sun cika, sai mai gashin ƙashi ya auna ya ga ƙarfin cinyar da tsallen ƙafa ɗaya sun kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ɗayar ƙafar.